Yadda Tukwanen Innata Suka Kusa Raba Ni Da 'Yata

Edita, ina yi muku sallama tare da masu karatu, kuma ina roƙon a sakaya sunana. Lokacin da abin nan ya faru ni bazawara ce, ina koyarwa a wata firamare mai zaman kanta a kan hanyar Shabu, ina zaune a ɗakin marigayiya innata a gidanmu na gado da ke cikin garin Lafiya. Aurena ya mutu ba duka ba zagi, zaman ne kawai ya ƙi. 'Ya ɗaya Allah ya ba mu. Da ta isa shiga makaranta mahaifinta ya karɓe ta kamar yadda aka saba, kuma a daidai lokacin aiki ya mayar da shi Sakkwato, sai ya tafi da ita ya damƙa wa mahaifiyarsa. Kafin su tafi ya yi mini alkawarin duk Asabar bayan la'asar zai ba ta wayarsa mu yi kiran bidiyo. Ba zan ɗauki alhakinsa ba, ya cika alkawari. Wannan kiran shi ne kaɗai abin da ya rage mini na zama uwa, kuma babban tsorona shi ne yarinyar nan ta manta da ni.

Matsalar ita ce sabis ba ya shiga ɗakina yadda ya kamata. Sai na fita ƙofar gida na tsaya jikin katanga, ga ƙarar 'yan acaɓa, ga masu tallan rake, ga maƙwabta da ba za su wuce ba sai an gaisa har da tambayar gajiya. In hawaye ya zo mini, a gaban kowa zan share. Ana haka wata rana ina dawowa daga makaranta na tarar da wasu matasa a bakin kasuwa sun kafa lema da lasifika, suna tallar akwatin intanet na gida, wanda ake ce wa rauta. Sun ce rangwame ake yi, rabin kuɗi, ga garaɓasar data ta watan farko. Budurwar da ta tare ni bakinta kamar an saka masa batir, tana haɗa Hausa da Turancin kasuwa, tana rantse mini cewa abin nan tashi yake kamar jirgi. Ta ce in jona shi da wuta kawai, in ajiye shi inda ruwa da yara ba za su taɓa ba. Ban tambaye ta komai ba, kalmar rangwame ta riga ta toshe mini kunne.

To gidanmu gidan yawa ne, kuma 'ya'yan yayana in suka shigo ɗaki ko allura sai sun bincika. Wuri ɗaya ne suka san in sun taɓa za su sha carbi, wato kabad ɗin jeren innata. Tsohon kabad ne mai ƙofar gilas da madubi a bayansa, yana can lungun ɗaki, cike da tukwanen silba, da samiru, da fantekoki, da manyan farantai, da kulolin abinci da ta tara tun tana amarya. Nan na buɗa wuri a tsakiya na zaunar da rautata kamar wata amarya, na fitar da wayar wutar ta wata 'yar kafa a baya, na rufa mata ɗan ƙyalle mai saƙa, na ja gilas na kulle. Har na ja da baya ina kallo ina yaba wa kaina da dabara.

Asabar ta zo na yi wanka, na ɗaura sabon ɗankwali, na zauna a kan gado ina jira. Kira ya shigo, fuskar 'yata ta bayyana, kafin ta gama gaishe ni hoton ya daskare. Muryarta ta riƙa zuwa a gutsure, ni ma haka tawa ke isa can. Da farko abin dariya ya ba ta, ina jiyo ta tana gaya wa kakarta wai Mama ta zama hoto. Mako ya bi mako, dariyar ta ƙare. Yaro ba ya da haƙurin jiran fuskar da ba ta motsi. Sai ta fara ajiye wayar ta tafi wasanta, in zauna ina kallon silin ɗin ɗakinsu ina kiran sunanta. Ranar da ta fi yi mini ciwo ita ce ranar da sabis ya ɗan saki, na jiyo kakarta tana lallashinta da biskit wai ta zo ta yi magana da mamanta. 'Yar da na goya, na yaye, yau sai an ba ta toshiya kafin ta kalle ni. Na kashe wayar na yi kuka har kaina ya yi ciwo.

Ni kuwa Allah ya yi ni da saurin fushi, kuma in na fusata sai na samo mai laifi. Na fara da kamfanin. Na je ofishinsu na zazzage musu kwandon masifa, suka duba suka ce unguwarmu akwai sabis mai ƙarfi. Ma'aikacin ya tambaye ni inda na ajiye rautar, na ce masa a ɗaki, wuri mai kyau da tsafta, ai ni ba ƙazama ba ce. Da ya ga yanayina bai ƙara tambaya ba. Na bar tsarin datar da nake kai na koma wani mai rangwame, da na ji an fito da wata sabuwar garaɓasa na sake komawa can, duk kanwar ja ce. Da na rasa wanda zan kama, sai zuciya ta raya mini cewa mahaifin yarinyar ne ke yi da gangan, yana zuwa inda ba sabis don ya raba ni da ita a hankali. Na tura masa saƙon murya mai zafi, wanda har yau in na tuna kunya nake ji. Ya amsa mini cikin sanyin murya cewa wayarsa lafiyarta ƙalau, da ita yake taron aiki. Sannan ya ce yarinyar duk ranar da aka yi kiran nan wuni take cikin ƙunci, don haka in abin bai gyaru ba gara a dakatar har dogon hutu. Dogon hutu kuwa saura watanni, kuma na san abin da watanni ke yi wa ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro.

A cikin wannan hali ne maƙwabciyarmu ta tashi aurar da 'yarta. Dattijuwa ce 'yar ƙabilar Eggon, tana sayar da doya, kuma aminiyar innata ce tun kafin a haife ni. Ta shigo ranar wata Juma'a tana haki, ta ce da ni da irin Hausarta, "Yarinyana, ka ba ni tukunya na mamanka duka. Mutanen miji daga Obi zai zo da yawa, kar a ji kunya." A unguwarmu ba a hana aron kayan biki, balle ita. Na buɗe kabad muka fara fito da kaya. Don kada rautar ta faɗo, na zare ta na ɗora a kan dakalin taga, na jona ta a soket ɗin da ke wajen. Aka kwashe tukwane kaf, na bi su gidan biki muka shiga firar doya da gyaran kayan miya, na manta da ita a can.

Washegari bayan la'asar na sulale daga wajen bikin na dawo ɗaki, ina ɗauka wannan ne kira na ƙarshe. Da aka ɗaga, sai ga 'yata tar kamar a gabana take. Na ga kitson da kakarta ta yi mata, na ga wani ɗan tabo a goshinta da ban san da shi ba. Ta buɗe baki za ta yi dariya na ga giɓi. Ashe ta yi famfara tun tuni, ni uwarta ban sani ba. Ta rera mini waƙar makarantarsu, ta nuna mini takalminta, ta zagaya da ni har bayan gidansu na gaisa da akuyar kakarta. Sai da aka kira magariba muka rabu, ita ce ma ke cewa kada in kashe. Na yi sujada na gode wa Allah. Amma don ku san irin kaina, ko kusa ban kawo tagar nan a raina ba. Cewa na yi masifata ce ta yi aiki, ko dai kamfanin ya gyara, ko kuma mutumin nan ya ji tsoron Allah ya daina abin da yake yi.

Biki ya watse, aka dawo mini da tukwane an wanke su fes, har da cincin da 'yar doyata ta tukwici. Na jera kowace a mazauninta, na hango rauta a taga na ce af, ga ki nan ashe, na ɗauko ta na mayar tsakiyar tukwane, na rufa mata ƙyallenta na ja gilas.

Asabar ta zagayo, na zauna da murnata. Kira ya shigo, 'yata ta fara ba ni labari da ɗoki, sai hoton ya tsaya cak. Na jiyo muryarta a gutsure tana cewa Mama ta sake zama hoto, daga nan sai muryar mahaifinta yana ce mata ta kawo wayar haka nan. Na ɗaga kai ina neman abin da ya bambanta yau da makon jiya, idona ya sauka kan dakalin taga, babu komai a kai. Na juya na kalli kabad, ga 'yar fitilar rauta tana lumshewa ta ƙarƙashin ƙyalle, tukwane sun kewaye ta ta ko'ina. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na fizge ƙofar gilas, na cusa hannu na finciko ta, wayar wutar ta jawo samira, samira ta ture fanteka, murafe da farantai suka zubo ƙasa da wata irin ƙara da ta sa matar yayana ta rugo da gudu tana salati. Ko kallonta ban yi ba. Na tsallake kayan na ɗora rauta a taga na jona, na tsaya ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina har fitilunta suka kama. Kiran ya riga ya yanke. Na sake kira. Ya daɗe yana ƙara kafin a ɗaga. Mahaifinta ne, fuskarsa tar, ba gutsure ko ɗaya. Na ce masa don girman Allah ya ba ni ita, na gano matsalar, daga wajena take. Ya kalle ni, sannan ya juya ya kira ta. Ta zo tana turo baki, na juya wayar na nuna mata tukwanen da suka watse a tsakar ɗaki da matar yayana tsaye riƙe da ƙirji. Yarinyar nan ta yi ta dariya har da faɗuwa.

Bayan kwana biyu na koma ofishin nan, wannan karon da ladabi, na gaya wa ma'aikacin ainihin inda na ajiye ta. Ya yi ƙoƙari ya danne dariyarsa, Allah ya saka masa. Ya bayyana mini cewa ƙarfe da madubi suna tare sabis, shiga da fita, kuma lungun ɗaki shi ne mafi munin wuri. Ya ce ta fi son sama, kusa da taga, ba a rufe ba. A nan ne kuma na ji abin da ban tambaya ba ranar da na saya, cewa wani tsarin mai rangwame in an ci wani kaso na datar sai a rage masa gudu har ƙarshen wata. Na zaɓi wanda ya dace da ni, na sa kafinta ya buga mini 'yar kanta a saman taga inda hannun yara ba ya kaiwa, daga baya na samo ƙaramin batir saboda ɗaukewar wuta. Mahaifin yarinyar kuma na kira shi na ba shi haƙuri da bakina. Ya ce ya wuce, kuma maganar dakatar da kira ba ta sake tasowa ba.

Abin da nake so 'yan uwana su ɗauka shi ne, in kin ga rangwame ki tsaya ki yi tambaya, kada kunya ko ɗoki ya hana ki. Ki tambayi inda ake ajiye abin, ki tambayi abin da ke biyo bayan garaɓasar. In kuma abu ya lalace, ki fara duba ɗakinki kafin ki ɗora wa wani. Ni na zargi kamfani, na zargi bawan Allah da bai yi mini komai ba, saura ƙiris baƙar maganata ta rufe ƙofar da ta rage tsakanina da 'yata. Ga iyayen da suka rabu kuma, ku ji tsoron Allah ku bar wa yaro hanyar ganin ɗayanku, ko da ta waya ce.

Yanzu ba ma jiran Asabar, duk ranar da ta ga dama takan karɓi wayar babanta ta kira ni. Shekaranjiya ta kira, muka ɗan taɓa hira, sai ta ce ta gaji da magana, aikin gida za ta yi. Na ce to bari in kashe. Ta ce a'a, in zauna. Ta jingina wayar da bango, ta sunkuya tana rubutu, ni kuma na jawo tiren shinkafata ina tsinta. Can sai ta ɗago ta duba ko ina nan, ta ga ina nan, ta mayar da kai ta ci gaba da rubutunta.