Layin da na ja a wuyan tsuntsayen 'yata

Shekarun baya, lokacin ina karatun digiri na uku a ƙasar waje muna zaune a unguwar Wangsa Maju, maƙwabcinmu wani dattijon Bamale, ɗan asalin ƙasar, mai ritaya ya ara wa 'yata wani ƙaton littafi. Zanen tsuntsaye masu farauta ne a ciki, irin wanda Turawan farko suka yi da hannu tun ba a san kyamara ba. Shaho, shirwa, gaggafa, kowanne an bi gashinsa ɗaya bayan ɗaya.

Yarinyar tana da shekara goma sha ɗaya, kuma ba mai magana ba ce. Ka yi mata Hausa ta amsa da Turanci, shi ma a taƙaice. Amma wannan littafin ya buɗe mata baki. Ta samu littafin zane ta shiga kwaikwayo, kullum in na dawo sai ta tare ni tun ban cire takalmi ba.

"Baba, duba ƙafar nan, ba daidai ba ce. Mai zanen littafin nan, gawar tsuntsun ya kalla ya zana. Shirwar da ke wucewa ta bayan gidanmu ba haka take naɗe ƙafa ba."

Ni da ban iya zana ko ƙwai ba sai in gyaɗa kai kamar masani.

Wata Juma'a wani abokina ya zo cin abinci, ya ga zanen a kan tebur. Ya ja ni gefe ya ce, "Malam, abu mai rai fa take zanawa. In ba za ka hana ta ba, a ja layi a wuya, kamar yadda ake mana muna yara." Maganar ta zauna mini a rai. Hana ta ba zan iya ba, kuma na ji nauyin zama in yi mata bayani. Sai na ɗauki abin da na ga ya fi sauƙi. Ranar Litinin tana makaranta na ɗauko jan biro na bi shafukan littafin zanenta duka, wuya bayan wuya. Har da rula na sa, wai don aikin ya yi tsabta.

Da ta dawo ta buɗe, ba ta yi kuka ba. Ta bi shafukan har ƙarshe, ta rufe, ta ɗauki littafin dattijon ta mayar masa a ranar. Mahaifiyarta ta dube ni ta ce, "Da ka tambaye ta, ai da ita za ta ja da hannunta." Daga nan ba ta ƙara tare ni a ƙofa ba.

Hukuncin zane na bar wa malamai, ba shi ke damuna ba. Abin da ke cin raina shi ne na shiga abin da 'yata ta fi so a bayan idonta, saboda na ji tsoron hirar minti biyar.

Bara, tana hutun jami'a, na daure na ba ta haƙuri. Ta yi dariya ta ce ba komai, wallahi ta yafe tuntuni. Na ce to ta zana mini shaho ɗaya in rataye a ofis. Na miƙa mata fensir, ta karɓa ta juya shi a hannu na ɗan lokaci, sannan ta miƙo mini.

"Baba, na manta yadda ake yi."