Kan Bunsurun Habu

Ranar wata Alhamis bayan an gama roron gyaɗa, muna aji shida a firamaren ƙauyenmu kusa da Makoda, na fara jin muryar Habu sosai. Yaro ne mai i'ina, kafin ya gama gaisuwa an wuce shi. Malam Garba ya ba shi fitowar bunsuru a wasan kwaikwayon ƙarshen shekara: manomi marowaci ya hana tsohuwa ruwa, ta mayar da shi bunsuru, ba zai dawo mutum ba sai budurwa ta shayar da shi da hannunta. Ni ce budurwar. Da aka kifa masa kan bunsurun a wajen gwaji, wato ƙwaryar da aka liƙa wa fata da ƙaho, sai magana ta ɓalle masa tiryan-tiryan, har da tsokana: "Ke Rabi, yaushe za a kai kuɗin aurena? Dusa buhu guda ce!" Ajin ya kece da dariya.

Daga ranar na rasa sukuni. Littattafan soyayyar yayata da nake karantawa a bayan rumbu duk suka koma da muryarsa. Na ƙona wake, na bar tumaki suka shiga garken maƙwabta, Inna ta ce, "Wannan yarinya ko aljanu ne suka shafe ki?" Abu ɗaya ke cina: a ƙarshen wasan dole ya cire ƙwaryar, ya ce yana sona da fuskarsa a buɗe, gaban iyayenmu duka.

Ranar wasan a gindin darbejiya na miƙa masa ruwa, ya cire kan, ya dube ni, harshen ya sarƙe. "Ra… Ra…" Yara suka fara kwaikwayonsa, idonsa ya ciko. Ban san sanda na ɗauki ƙwaryar na mayar masa a ka ba, na ce masa, "Bar ta a kanka, na fi son bunsuruna!" Nan take ya zuba kalamansa tas, har mai unguwa ya riƙe ciki don dariya.

Yanzu makarantar ta daina wasa, darbejiyar ma an sare ta. Bara na je kasuwar Dawanau sayen wake, na ji wani dillali yana ciniki kamar rediyo, fuskarsa naɗe da ƙyalle saboda ƙaiƙayi. Ya gan ni da 'ya'yana, ya janye ƙyallen, ya ce, "Ra… Ra…" Wannan karon na tsaya har ya ƙarasa.