Jegon da Na Ƙarasa a Ɗakin Goro

Tsufa ya ƙwace mini abubuwa da yawa, har jikokina sai na kira biyu ko uku kafin in dace da sunan wanda nake nufi. Amma akwai wani jego da na yi a Zangon Kumasi, cikin zafin nan da ke zuwa gab da damina, wanda ba zai fita raina ba sai ranar da aka rufe ni da ƙasa. Ko yanzu na ji ƙamshin jiƙaƙƙen ganye, sai in gan ni kwance a wancan ɗaki.

A lokacin da sauran ƙuruciyata. Ina da yara biyu a gabana: mace, wadda ta fara ɗaukar ɗan tulu zuwa rafi, da ƙanenta, wani ɗan ƙiriniya da bai san zaman wuri ɗaya ba. Bayansa na haifi wani namiji, amma bai kai arba'in ba ya koma. Saboda haka da na sake samun ciki, gidan gaba ɗaya a tsorace yake, ko da yake ba mai faɗa.

Maigidana goro yake fatauci. Yakan shiga ƙauyukan Asante ya sayo, a zauna a tsince, a naɗe cikin faffaɗan ganye a ɗaure huhu-huhu, sannan jirgin ƙasa ya kai bakin teku, na ruwa ya wuce da shi Ikko. Shekarar da ta gabaci wannan jego Allah ya buɗa masa, sai ya cire ciyawar ɗakina ya sa kwano. Mu ne na fari a lungunmu. Mata har sallama suke yi don su ɗaga kai su gani, ni kuwa ina ta yanga kamar ni na ƙera shi.

Wanda bai zauna Kumasi ba ba zai gane zafinta ba. Ba ya ƙona fata, lulluɓe mutum yake yi, ka yi wanka ka fito kana gumi. Duk da haka ina kewar waɗannan kwanaki. Da sassafe a dama koko, yara su sha suna hamma, 'yar tawa ta bi matan unguwa ɗibar ruwa. Kafin hantsi ya dubi ludayi kowa ya tuɓe abin da zai iya tuɓewa. Da rana a shimfiɗa tabarmi gindin bishiyar tsakar gida, a dafa makani a ci da manja da barkono, tsofaffi na fifita, yara na soshe-soshen ƙurajen zafi. Nakan cika babbar ƙwarya da ruwa in zaunar da ɗan ƙiriniyar ciki, ya yi ta dukan ruwan har ya jiƙa kaji. Da yamma kowa ya ɗaga kai yana neman hadari, a ce gobe in Allah ya so.

Wuri ɗaya ne a gidan zafi bai san hanyarsa ba, shi ne ɗakin goro. Tsohon ɗaki ne mai kaurin bango da rufin ciyawa, bishiyar nan ta yi masa rumfa, kullum ana yayyafa wa ƙasarsa ruwa. Ba a shiga da wuta, ba a barin yara, don goro sarki ne, in zafi ya taɓa shi sai ya yanƙwane ya yi baƙi. Amma kullum rana ta take sai a nemi yaron nan a rasa, in an duba a same shi ya lallaɓa tsakanin huhuna yana barci da baki buɗe. An yi faɗa, an ja kunne, ko a jikinsa.

Ana saura kaɗan in haihu uwar mijina ta iso daga Arewa, ta biyo ayarin fatake wata da watanni da tsufanta. Inna muke ce mata. Gajeriya ce, mai kaifin ido, kuma ba ta san wasa da aiki ba. Ta zo da kanwa da sauyoyi ƙulli-ƙulli, ta kuma zo da magana ɗaya a ranta: wancan jikan nata sanyi ne ya kashe shi, don an haife shi a baƙuwar ƙasa ba wanda ya tsaya aka yi jego yadda ya kamata. A garinsu sanyi ne babban abin tsoron mai jego da jaririnta. Ta rantse wannan karon ba zai sami ƙofa ba.

Da hannunta ta kwaɓa ƙasa ta gina mini gado mai ramin wuta a ƙarƙashi. Da na sauka, namiji, sai aiki ya tashi. Wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, kunun kanwa har sai na ce na tuba, wuta ba ta mutuwa a ƙarƙashin gado, asabari a sake, jariri a naɗe cikin zannuwa sai hancinsa kawai ake gani. Kwano a sama, garwashi a ƙasa, mu a tsakiya. In ta ɗan sami sarari kuma sai ta tafi tsintar goro, don a matan Zango kaf ba wadda ta kai ta sanin goro. Da taɓawa take gane wanda sankara ta shiga.

Ba zan ci amanar matar nan ba ko bayan ranta. Ita ke fara tashi, ita ke ƙarshen kwanciya, loma mai kyau ni take tura wa. Ni kuwa uwata ta daɗe da rasuwa, kuma ban taɓa jego a ƙarƙashin kwano ba balle in san bambanci. Ko da na ji a jikina abin ya yi yawa, a zamaninmu yarinya ba ta buɗa baki ta gyara wa uwar miji, ba ta kuma nuna ɗokin ɗanta a gaban manya.

An yi suna lafiya, an ci an sha. Bayan suna ne yaron ya fara. Ƙuraje suka feso masa a wuya da hammata, ya yi ta tsala kuka. Daga baya kukan ya ragu, ni kuwa raguwar ce ta tayar mini da hankali, don kuwa haka wancan da na rasa ya yi kafin ya tafi. Sai ya zama in na ba shi nono ya kama ya saki. Leɓunansa suka bushe, maɗigarsa ta faɗa. Maigida ya karɓo rubutu wurin malamin unguwa aka ɗiga masa. Inna ta duba shi, ta ce sanyin ne ya sake biyo mu, ta ƙara itace. Na ga idonta ya yi ja, kuma ba hayaƙi ne kaɗai ba.

Ranar da ba na mantawa, rana ta take, na ji “Ago” daga ƙofar gida, irin sallamar mutanen Asante. Wata dattijuwa ce da ke kawo mana ganyen naɗe goro daga ƙauyensu, muna ce mata Mame, wato uwa da harshensu. Ta daɗe ba ta zo ba, sai ranar ta ji an haihu. Ta ɗaga asabari za ta shigo barka, zafin ɗakin ya buge ta, ta ja da baya. Sannan ta daure ta shigo, ta zura hannu cikin zannuwan ta taɓa wuyan yaron. Hausarta irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta, mukan yi mata dariya. Ran nan ba wanda ya yi.

“Inna, yaro nan ba sanyi ba ne,” in ji ta. “Kana dafa shi.”

Inna ta tsuke fuska. Ta ce haka aka yi mata, haka ta yi wa nata, ga uban yaron nan da ƙafarsa yana yawo. Mame ba ta ja da ita ba. Ta fita ta ɗauki dammin ganyenta ta nufi ɗakin goro, ni kuwa na ji kamar in kamo zaninta. Jim kaɗan sai ga ta ta dawo da ɗan ƙiriniyar a kafaɗa, ta tsinto shi inda ya saba, yana ta barcinsa. Ta kama hannun Inna ta ɗora a bayansa, jikinsa sanyi ƙalau. Ta mayar da hannun kan ƙirjin jaririn. Sannan ta tambaye ta a hankali, in ta buɗe huhu ta tarar goro ya ɗauki zafi ya fara yanƙwanewa haka, me take yi masa.

“A raba shi da zafin mana,” Inna ta amsa tun ba ta yi tunani ba. “A sassauta ɗauri, a yayyafa ruwa, a sauya masa ganye.”

Ta dubi yaron, ta ɗaga kai ta dubi kwanon da ke ta ƙas-ƙas da rana. Sai ta fita ta ɗebo ruwa a randa, ta durƙusa ta sheƙa wa wutar da ta yi kwana da kwanaki tana tattali. Tururi ya tashi ya cika ɗakin. Ta ce da 'yata ta ruga zaure ta kira ubanta.

To, a nan gizo ke saƙar. Ɗakin goro cike yake har rufi, ko tabarmar salla ba ta da wurin shimfiɗa. Goron shekara ne gaba ɗaya, duk abin da maigida ya mallaka yana cikin huhunan nan, jirgin da zai ɗauka kuwa da sauran lokaci. Kowa a gidan ya san abin da zafin nan zai yi masa in ya kwana biyu a waje. Inna ta gaya masa a tsaye, ba kwana-kwana: a kwashe goro, mai jego da ɗanta za su shiga. Ina leƙensa ta asabari. Ya dubi ƙofar ɗakin goron ya daɗe, har na fara cewa a raina ba zai iya ba.

“Inna, yana numfashi?” abin da ya tambaya ke nan.

“Yana yi.”

Sai ya tuɓe rigarsa ya rataya a reshe, ya sunkuya ya ɗauko huhun farko. Mutumin da ko tulu ban taɓa ganin ya ɗaga a gidan ba. Maƙwabta suka hango, Mosawa da Zabarmawa da 'yan uwanmu Hausawa, suka shigo ba wanda ya kira su. Kowa ya ɗauki abin da ɗakinsa zai iya ɓoyewa, sauran aka jibge gindin bishiya aka rufa da ganyen da Mame ta kawo. Ɗan ƙiriniyar ya farka ya ga ana rushe masa makwanci, ya zauna a ƙasa yana kuka, shi kaɗai ya ba mutane dariya ran nan.

Kafin la'asar ina ciki. Na kwanta a tabarma, sanyin ƙasar ya ratsa bayana, ƙamshin ganye ya cika mini hanci. Aka kwance yaron daga zannuwa. Mame ta shafa masa farar ƙasa irin wadda suke shafa wa jariransu. Inna ta sa na tatso nono a ɗan ludayi, tana ɗiga masa da yatsa, tana goga masa jiƙaƙƙen ƙyalle, ta juya shi nan ta juya shi can. Na kalli hannuwanta, daidai yadda take riƙe goriya in tana tsoron ta ƙuje. Ana ta salati ƙasa-ƙasa.

Ana shirin kiran magariba ya motsa baki. Na kai shi ƙirji ba tare da na sa rai ba, sai na ji ya kama, ya ja da ƙarfi har zafin ya kai mini ƙeya. Ban taɓa jin zafi mai daɗin wannan ba. Kunyar da nake ta riƙo ta zube, na fashe da kuka a gaban uwar mijina ina kiran “ɗana, ɗana”. Inna ba ta tsawata mini ba. Ta juya fuskarta bango tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba.

A ɗakin nan na ƙarasa arba'in. Kada ku zaci Inna ta saki komai, wankan ruwan zafi da kunun kanwa ko kwana ɗaya ba ta yafe mini ba, wutar ɗaki kawai ta bari. Ruwan sama ya yi jinkiri a shekarar, goron da ke gindin bishiya kusan duk ya lalace. Sallar shekarar ba wanda ya ɗinka sabo a gidanmu, makani kuwa mun ci har yara suna ganinsa su juya kai. Maigida ya ɗauki shekaru kafin ya miƙe, amma har ya bar duniya ban ji ya ambaci goron nan ko sau ɗaya ba.

Inna ba ta koma Arewa ba, a Kumasi aka binne ta. Ita da Mame suka zama sai ka ce tare aka yaye su, suna hira kowace da rabin harshen 'yar uwarta. Yaron kuwa Inna takan ɗora shi a cinya tana tsokana, wai wannan mijin nata ya cinye goron aurensu tun yana cikin zani, da me zai aure ta. In an kira ta gidan haihuwa a Zango, kafin ta dubi mai jego sai ta fara ɗaga kai ta dubi rufin ɗakin. Yau yaron nan gemunsa fari fat, jikokinsa ne ke ja mini zani.

Abin da na koya shi ne, ba mugunta kaɗai ke cutar da mutum ba, ƙauna ma tana yi in ta manta a wace ƙasa take tsaye. Kuma na ga manya da yawa a rayuwata, amma ban ga girma irin na tsohuwar da ta durƙusa a gaban baƙuwa da surukarta ta kashe abin da ta rantse a kansa ba. Yanzu da na zama ni ce tsohuwar gida, duk sanda na ji na kafe a kan abin da na gada, sai in tuna hannun da ya hura wutar nan shi ne ya zuba mata ruwa.