Hodi da Muryar Aro

Hodi mutumin Gulma ne, ɗan gidan masunta, amma bai yi sana'ar su ba. Tun yana makaranta a Argungu aka gane abin da Allah ya ba shi a baki yake. In ya kwaikwayi malamin lissafi ko mai tallar kifi, sai ka waiwaya ka ga ko mutumin ya shigo. Wannan bakin ne ya kai shi Sakkwato, ya samu aiki a sashen al'adu, kuma daga nan ya shiga wasan kwaikwayo na talabijin.

A wasan yana fitowa da sunan Maihoma, wani tsohon masunci mai taurin kai wanda kullum yana rigima da matarsa. Laure ce take fitowa a matsayin matar, wata mai sayar da atamfa 'yar Birnin Kebbi. Tamba ne mai shirya musu wasan, mutum ne marar hayaniya da ba ya barin a kunna kyamara sai kowa ya haddace maganarsa. Sukan kwashe mako suna gwaji a ƙarƙashin darbejiya kafin a ɗauka. Daren da za a nuna, mutanen Gulma har da tsofaffi suna cika gidan kallo, don Maihoma da harshensu yake magana, irin zaginsu yake yi, irin rantsuwarsu.

Da aka yi Jihar Kebbi aka raba ma'aikata, su ukun suka dawo Birnin Kebbi. Hodi ya samu ɗaki a Nasarawa da tebur a ofis, amma babu ɗakin ɗaukar wasa, babu kyamara. Shekaru suka wuce suna wasa a filayen makarantu, yau kan rigakafi, gobe kan takin zamani. Yara suka daina kiransa Maihoma a hanya. Bai faɗa wa kowa ba, amma abin yana cinsa.

Ana haka kasakasan bidiyo suka fara shigowa daga Kano. Wani ɗan unguwarsu, Zulkifli, wanda ya je can sayar da kaset, ya dawo da kyamara ɗaya da samari masu gilashi. Ya durƙusa ya gaida Hodi ya ce fim zai yi a Argungu, a bakin ruwa, kuma yana son shi ya fito a matsayin uban jarumi.

"Baba, talabijin dare guda ne a kalla a manta," in ji Zulkifli. "Kaset kuwa har Yamai, har Kumasi. Hotonka a kan kwali."

A makon ne kuma aka ba su Tamba dama ta farko a gidan talabijin na jihar. Tamba ya zo da murnarsa har ofis, don ya kira Hodi ya sake fitowa a Maihoma. Hodi bai ko ce ya zauna ba.

"Ba ni zuwa," ya ce. "Wasan zaure ya wuce, Tamba. Ku tai ku yi ma tsohhi. Ni na yi gaba."

Tamba ya ce, "To, Allah shi ba da sa'a," ya fita.

Aikin Argungu bai yi kama da abin da Hodi ya sani ba. Babu rubutaccen wasa, babu gwaji. Zulkifli zai ce, "Baba, ɗanka zai sayar da kwalekwalenka ya tafi birni, yi masa faɗa," sai a kunna kyamara. Yawancin kwanakin a kan waƙa suka ƙare, saurayi da budurwa suna canza kaya suna juyi a cikin jirgi, Hodi yana zaune a inuwa yana jira. Da lokacinsa ya zo, ya tsaya a gaɓa da homar kamun kifi a kafaɗa, iska tana kaɗa rigarsa, ya yi wa yaron magana a kan gulbin da ya ciyar da kakanninsa. Bai taɓa jin magana ta fito masa haka ba. Cikin masuntan da suka tsaya kallo, wani ma ya goge ido. Zulkifli ya ce, "Ya yi, ya yi, batir zai mutu," aka naɗe kaya.

Bayan watanni wani direba ya kawo masa kaset ɗin. Ga fuskarsa a kwali, ƙarama a kusurwa, amma tasa ce. Ba shi da na'urar bidiyo, bai kuma nemi inda zai fara dubawa ba. Ya hau mota sai Gulma. Ya bi gida gida yana gayya. Maigandi mai gidan kallo ya yarda a tada janareto bayan la'asar, aka toshe tagogi da tabarmi. Yayansa Arzika, wanda har lokacin yana su, ya zo da abokan sana'arsa. Goggo, ƙanwar mahaifinsu, aka kawo mata kujera bakin ƙofa, mata suka taru a bayanta. Hodi ya zauna a gaba da sabuwar hula.

Aka sha waƙa ɗaya, aka sha ta biyu. Sai ga shi a gaɓa da homa a kafaɗa. Ɗakin ya ɗauki sowa: "Maihoma! Maihoma!"

Ya buɗe baki a cikin akwatin, sai wata murya ta fito, siririya, ta saurayi, da Kananci tsantsa. Leɓɓansa suna tafiya daban, maganar tana tafiya daban. Kuma ba maganarsa ba ce. Muryar cewa take, "Kai yaro, tafi abinka! Mu nan ban da warin kifi me muka sani? Ko wanka ba mu iya ba!" Sai aka sa wata sarewa mai ban dariya a bayanta.

Yara suka fashe da dariya. Manya ba su yi ba. Hodi ya so ya tashi ya kashe akwatin, amma ya zauna inda yake. Ya ji ƙarar benci a bayansa, ya san Arzika ne ya miƙe. Masuntan suka bi shi ɗaya bayan ɗaya suka fice.

Goggo ba ta gani sosai, amma tana ji. Ta ɗaga murya daga bakin ƙofa: "Hodi, kai na wanga? Mi yas sami bakinka? Mu ad da warin kihi?"

"Ba ni na ba, Goggo," ya ce, kansa a ƙasa.

"To huskar wa ta?"

Bai kwana a Gulma ba.

Ya samu Zulkifli a shagonsa yana jera kasakasai. Saurayin bai ɓoye komai ba, bai ma ga laifin ba. Ya ce iskar bakin gulbi ta cinye sautin gaba ɗaya, dole aka sake ɗora murya a Kano. Masu saye kuma sun ce ɗan abin da ake ji na Kabancin, wato Hausar mutanen Kebbi, ba za a gane shi a kasuwa ba, kuma fim ɗin ya yi nauyi, yana son abin dariya.

"Da ka aiko in taho in sake hwaɗi," in ji Hodi.

"Baba, ana jiran kaya. Wallahi yana tafiya, mutane suna son wurin nan naka."

Gaskiya ya faɗa, kaset ɗin ya karɓu. A tasha, a kasuwa, samari suka riƙa tare Hodi suna maƙale murya suna cewa, "Ko wanka ba mu iya ba!" Sunan Bakano ya bi shi. Ya daina bin babbar hanya zuwa ofis. In ya hango Tamba a masallacin Juma'a sai ya sake sahu. Wata rana a shagon mai shayi ya ga wasansu a talabijin, wani Sunusi yana tsaye inda ya kamata ya tsaya, kusa da Laure. Hoton ba shi da kyau, labulen baya a karkace, amma mai shayin ya bar ruwa yana tafasa yana kallo, yana maimaita maganar da bakinsa. Hodi ya bar shayinsa rabi ya tafi.

Laure ce ta kama shi a layin 'yan albasa, inda ba hanyar zillewa.

"Malam Hodi, ɓoyo har yaushe?" ta ce. "Sunusi na da ƙoƙari, amma bai san yadda masunci ka tsayi ba. Tamba ya ce ka taho ranar gwaji."

"Da wace huska, Hajiya?"

"Da wadda kaka yawo da ita kasuwa."

Ya je. Ya shirya doguwar magana ta ban haƙuri, Tamba bai bar shi ya kai rabi ba. Ya jawo masa benci ya ce, "Zamna. Duba yaron ga, ka gyara mai." Daga ranar Hodi ya zama mai horar da 'yan wasa. Ya koya wa Sunusi yadda ake riƙe goran masunta, ya koya wa 'yan mata yadda tsohuwar Argungu take jan gaisuwa. Tamba ya sha roƙonsa ya fito ko sau ɗaya, ya ƙi. Bai sake tsayawa gaban kyamara ba har ya yi ritaya ya koma noman shinkafa a fadamar Ambursa.

Gulma kuwa ya daɗe bai taka ba, sai da aka aiko Goggo ta rasu. Ya isa a makare, an riga an dawo daga maƙabarta. Ya zauna can ƙarshen tabarma, masu gaisuwa suna ba shi hannu ba sa tsayawa hira. Washegari da hantsi ya iske Arzika a ƙofar gida shi kaɗai, ya baje wani tsohon taru na kamun kifi yana ɗinke inda ya yage. Hodi ya yi sallama ya tsaya. Arzika ya amsa bai ɗago ba, ya ci gaba da aikinsa. Can ya miƙo masa bakin tarun.

"Riƙa man nan," ya ce. "Ja da kyau, kak ka sake."

Hodi ya tattare rigarsa ya zauna a ƙasa, ya riƙe. Suna nan har aka kira azahar.