Usta Munzir da Muryar Kwamfutar Harun

Idan murya ta mutu, wani ya zauna ya ƙera irinta har kunne ya kasa rabewa, me za a kira shi, mai gyara ko mayaudari? Na daɗe ina juya tambayar nan ban samu inda zan ajiye ta ba. Usta Munzir, usta kuwa laƙabin gwanin sana'a ne, ya fi ni daɗewa da ita, shi kuwa a kan teburinsa take kwana.

Duk mazaunin unguwar Ard al-Liwa ta Alƙahira ya taɓa wuce shagonsa, wani ɗan lungu ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin mai guga da mai sayar da dafaffen waken ful. Da hantsi yake buɗewa. Ya share tebur, ya jona ƙarfen dalma, ya bar shi ya ɗauki zafi shi kuma yana kurɓar shayi, tuktuk, kekunan haya masu ƙafa uku, na wucewa suna kaɗa masa labule. Bahaushen Sudan ne, haifaffen Kassala, ya zo Alƙahira da baƙin gashi, yanzu ko ɗaya babu. Rediyo da talabijin ke ciyar da shi. Amma abin da ya ba ransa shi ne tsofaffin kwamfutocin gida na shekarun tamanin, waɗanda ake jona wa talabijin a sa musu kaset su karanta. A cikin kowace akwai wata 'yar baƙar ƙwaya mai ƙafafu jere kamar shanshani. Ita ke fitar da sauti, muryoyi uku rak, sirara kamar sarewa. An daina ƙera ta tuntuni.

Da sha'awar na'urorin nan ta dawo, sai samarin Giza suka yi ta kwaso na iyayensu daga saman kabad suna kawo masa. Yakan hau jirgin metro zuwa kasuwar Ataba ya wuni yana tonon buhunan tsofaffin kaya. In ya dace da ƙwaya mai rai, ya saka. In bai dace ba, ya cire matacciyar, ya naɗe ta a ƙyalle mai tsabta, ya miƙa wa mai ita ya ce, "Ma'alish, sai haƙuri, ta yi shiru."

Alhali kowa ya san yana da mafita a aljihun tebur. Shekaru ya yi yana koya wa wata sabuwar ƙwaya, irin wadda ake iya zuba wa umarni, yadda tsohuwar ke kuka. Ya saurari wannan, ya saurari waccan, ya gyara, har suka zama kamar tagwaye. Sai ya jefa ta cikin gwangwanin alewa ya rufe. Samarin suka yi roƙo har suka gaji.

"Khalas, ya isa haka ya Usta, saka mana. Wa zai gane?"

"Ni zan gane," in ji shi.

Ya ga yadda wasu ke goge lambar kaya su buga wata su sayar a matsayin na asali, ya kuma yi wa kansa alkawari hannunsa ba zai shiga wannan layin ba. Kai ne, Usta, ka ƙera abin da ba wanda ya iya a unguwar nan, kuma kai ne ka fi kowa tsoronsa.

Farkon wannan shekara ta 2015 wata mata mai suna Mahasin ta shigo da kwamfuta naɗe cikin tsohon zane. Ta wanta Harun ce, wanda ya rasu a nan Alƙahira bayan doguwar jinya. Tun yana saurayi a Kassala ya zauna ya shigar da karin waƙar da mahaifiyarsu Hajja Awadiyya ke yi in tana sa wa amare lalle, ya adana a kaset. Tun rasuwarsa tsohuwar ba ta nemi komai nasa ba sai wannan. Ga shi kunnenta na hagu ya riga ya toshe, na dama ma likita ya ce yana kan hanya.

Munzir ya lallaɓa kaset ɗin har ya karantu. Rubutu ya fito a talabijin, sauti bai fito ba. Ƙwayar ta mutu.

"An ce kana da wata a gwangwani," in ji Mahasin. "Saka mata, Baba. Ba sai ta sani ba."

"'Yata, muryar ɗanta take nema. In ba ta tawa in ce tasa ce?"

"To ka ba ta shiru ka ce gaskiya ce?"

Ya koma Ataba, ya zazzage buhunan da ya riga ya zazzage, ya aika har Iskandariyya. Babu. Da Mahasin ta dawo ko zama ba ta yi ba.

"Jiya sai da na yi ihu kafin ta ji sallamata. Kunnen nan ba zai jira gaskiyarka ba, Usta."

A nan tambayar ta tsaya masa a wuya. In ya saka ya yi shiru, ya yaudari tsohuwa a kan mamacinta. In ya ƙi, ya tsare mutuncinsa da abin da ba nasa ba, wato ragowar jin tsohuwa. Ya daɗe yana kallon gwangwanin. Daga bisani ya ce, "Kawo min Hajja."

Aka kawo ta a tuktuk bayan la'asar, aka zaunar da ita a kujerarsa. Ya duƙa dab da kunnenta na dama.

"Hajja, abin da ke yin kukan a na'urar Harun ya mutu. Ina da wanda na ƙera da hannuna. Yana kama da shi, amma ba shi ba ne."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Don wannan ka wahalar min da yarinya? Ɗan nan, haƙoran da ke bakina ma ba nawa ba ne, da su na ci naman layya. Kunna mu ji."

Mai guga da ke leƙe ya fashe da dariya. Munzir ya jona ƙwayar da wayoyi a kan tebur, bai saka ta ciki ba. Muryoyi uku suka tashi. Tsohuwar ta karkatar da kai, ta rufe ido, yatsunta na bin kiɗan a kan gwiwa. Can ta ɗaga hannu.

"A'a. Ta ƙasan nan ta yi tsabta da yawa. Ta Harun shaƙewa take kamar mai mura. Har tsokanarsa nake ina cewa ya ba ta citta."

Sai ya gane na'urar Harun ta taso da ɗan lahaninta, kuma lahanin ne uwar ta riƙe. Ya shiga ɓata aikin da ya yi shekaru yana gogewa. Ya shaƙe muryar kaɗan, ta ce bai kai ba. Ya ƙara, ta ce ya zarce. Ya rage. Leɓɓanta suka fara motsi, Mahasin ta juya wa mutane baya tana share ido da gefen mayafi.

Ƙarshen watan nan Usta Munzir zai rufe shago, hannu ya fara rawa, dalma ba ta son haka. Mun gode, Usta. Kai ne ka ƙi yi wa tsohuwa ƙarya ko da ta tausayi ce, kuma ba ka bar ta da shiru ba. Masu gyara da ke tasowa, in kun canza wa mutum abu a cikin kayansa, ku dubi idonsa ku faɗa masa. Ba mamaki ya fi ku sanin yadda za a yi.

Hajja Awadiyya ta buɗe ido ta ce, "Yalla, me kake jira? Saka."

Ya cire matacciyar ƙwayar ya naɗe a ƙyalle, ta karɓa ta ƙulle a bakin mayafinta. Ya ɗauki allura ya karce a bayan tasa: ba ta asali ba ce, aikin Munzir. Sannan ya tallafi hannun dama da na hagu don ya tsaya, ya kai bakin ƙarfen kan ƙafa ta farko, dalma ta narke ta kama.