Awa Taran Inna Kulu a Misra

Duk mai sayen shinkafa a kasuwar Wurno ya san Inna Kulu ta Magarya. Ita ce doguwar tsohuwar nan da ba ta kiran ciniki, sai dai ta turo maka kwano ka duba ƙwayar da kanka. Shekara talatin da wani abu tana turara shinkafa tana shanyawa, har tafin hannunta ya bar jin zafin tukunya. 'Ya'ya bakwai ta haifa, huɗu sunka rayu.

Tafiya ba baƙon abu ba ce gare ta. Sa'ad da maigidanta ke da rai yana kai albasa Ƙonni ta ƙasar Nijar, ita kuma ta bi shi da buhunta. A bakin iyaka sai a leƙo motar, a gaisa, a ɗaga sanda. Kuma duk garin da sunka ratsa, in dai akwai nasu a ciki, sai sun sauka ko da ruwa kawai za su sha. Haka ta tashi ta gani: mutum ba ya ratsa garin da jininsa yake ya wuce.

Autarta Mas'uda ta auri wani ɗalibi, ya tafi da ita Misra karatu. Shekara shida ke nan. Can ta haifi Sadiya, jikar da Kulu ba ta taɓa ɗauka ba, sai dai ta gan ta tana motsi cikin wayar ƙanenta Zayyanu. Ba a taɓa jin Kulu ta ce tana kewar su ba. In anka tambaye ta sai ta ce, "Suna lahiya," ta ci gaba da awo.

Bara ta sai da shanunta biyu ta ce Umara za ta. Zayyanu ya raka ta Sakkwato wurin mai shirya tafiyar. Mutumin ya ce jirgi biyu ne: ɗaya tsayawarsa kaɗan ce, ɗayan kuwa ta Misra yake bi, sai an zauna awa tara kafin a canza.

"Na Misra," in ji Kulu.

"Yaya, awa tara hwa!" Zayyanu ya ce. "Ke da ko Sakkwato kinka zo sai ƙahwa ta kumbura?"

"To sai mi? Na zauna hiye da haka bakin murhu." Ta juya ga mutumin. "Ɗana, can ɗin ana biɗar wata takarda?"

"A'a Inna. Mai wucewa ba ya buƙatar biza."

Nan ta bar maganar. Da ta ce masa ɗiyarta na can, da ya yi mata bayani. Amma ina! Ta buɗe baki gaban baƙo ta ce tana son ganin ɗiya? A kuma ce Kulu ta gama ɗakin Allah da ziyarar auta? Zayyanu ya gane, ya kau da kai don kada ya tona ta. Shi ma bai taɓa hawa jirgi ba.

Ta daka daddawa, ta ɗaure gabu, busasshen ganyen albasa, da kuka da ƙuli, ta auna shinkafarta mafi kyau. Sai da sunka isa filin jirgin Kano sannan ta ce wa Ladidi, maƙwabciyarta da suke tafiyar tare, ta kira mata Mas'uda.

"Inna! Yanzu kike hwaɗa min? An yi miki bizar nan?"

"An ce ba a biɗa."

Mas'uda ta ce, "To, za mu zo."

Sun sauka Misra da hantsi. Aka kora su wani zaure mai tsawo, ga sanyi, ga kujerun ƙarfe. Kulu ba ta zauna ba. Ta nemi malamin da ke jagorantar ayarin, mai jin Larabci, ta ce ya nuna mata ƙofar gari. Malamin ya dube ta, ya dubi fasfonta, ya ce, "Inna, mu nan ba mu shigo ƙasarsu ba. Izinin zama zauren ga kawai muke da shi."

"Ba ƙasarsu muke takawa ba?"

"Ita ce. Amma dai ba mu shigo ba."

Ta nace har ya kai ta gaban wani jami'i mai zaune bayan gilashi. "Ka ce mai ba zama na zo yi ba," in ji Kulu. "Ɗiyata na bakin ƙohwa. Ya riƙe fasfon ga wurinai, in na dawo ya ba ni." Malamin ya faɗa. Jami'in ya saurara har ƙarshe, ya dafa ƙirji, ya girgiza kai. Takardar shiga gari tun daga gida ake nemo ta. Ta tambayi kayanta, ko a miƙa wa Mas'uda. Aka ce suna can cikin kayan jirgi, sai Jidda.

Da ta komo, Ladidi ta matsa mata wuri. "Ashe Kulu niyya biyu kinka ɗauro, kina ta yi muna carbi cikin mota!"

"Ladidi, ara min wayar."

Fuskar Mas'uda ta fito, bayanta motoci da rana. Tun safe suke nan, mota biyu sunka hawo. Ta ɗaga Sadiya. Yarinyar ta yi sallama da wani harshe mai lanƙwasa.

"Ke Balarabiyar ƙarya, ko hura ba ki sani ba," Kulu ta ce. "Mi anka ba ki kinka yi tsawo haka, ƙawata?"

"Kaka, hito mana."

Kulu ta duba bangon da ke gabanta. Ba ta ma san ko ta wannan gefen suke ba. Wannan ganin dai, ko a tsakar gidanta na Magarya tana samun irinsa.

"Ku tahi gida, rana ta yi," ta ce wa Mas'uda.

Ba su tafi ba sai la'asar. Ita kuma ta yi azahar da la'asar a wani ɗan masallaci cikin zauren, ta miƙe ƙafafunta da sunka yi suntum, ta zauna har anka kira jirgi.

Ta yi Umararta lafiya. Daddawar da gabun ta raba wa wasu matan ƙasarmu da ke shara kusa da masaukinsu.

Ta Misra ɗin sunka komo, tsayawar awa biyu. Tun suna Makka Mas'uda ke tambayar ranar da za su ratso, Kulu ta ce, "Bari sai na isa gida in kira ki." Da sunka shiga zauren ta ce wa Ladidi ta kashe wayar. Ta samu kujera kusa ga ƙofar jirgin Kano, ta ɗora jakarta bisa cinya, ta jingina kai da bango.