Jif Mai Wankan Furanni

Ana ta yaɗawa a unguwarmu a birnin Semarang wai aljana ce ta tare a motar Mas Darmanto, shi ya sa in ya danna hon gilashi ke sauka, in ya kunna sigina rediyo ke kama waƙa. Ƙarya ne. Mas ɗin nan, wato Yaya a harshenmu, ɗan wan babana ne, na san komai. Wace aljana za ta iya zama cikin wannan hayaƙi?

Darmanto malamin lissafi ne. Shekara ashirin yana koyarwa ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, sai da ya sayi jif mai kujera bakwai. Burinsa ɗaya: ya kai mahaifiyarsa, Ibu Painem, wato Inna Painem, ƙauyensu na Wonogiri da Sallah, ta huta da cunkoson bas da wannan ciwon gwiwa nata. Sallah biyu ta wuce motar na gareji.

Wata fitila ce mai ruwan ɗorawa ke kamawa a gaban sitiyari. Da ta kama, sai mota ta koma rarrafe, salansa na aman baƙin hayaƙi. Sau uku ana koro shi daga wurin gwajin hayaƙi. Makanikensa, Pak Kusnadi, wato Malam Kusnadi, ya canza batir, ya canza na'urar da ke shinshina hayaƙi, fis kuwa ya canza sun fi gashin kansa yawa. A yi kwana huɗu lafiya, fitila ta dawo.

"Mas, kogi kake shiga da ita?" in ji Pak Kusnadi. "Kullum wayoyin a jiƙe. Ga kuma wannan." Ya zaro furen yasmin daga akwatin fis.

Ran Juma'a da safe Darmanto ya laɓe bayan labule. Sai ga Ibu tana ɗingishi da bokitin ruwan furanni, irin wanda ake wa sabuwar mota wanka don neman tsari. Da kanta ta buɗe bonet, tana addu'a, ta sheƙa wa inji moɗa bakwai. Ashe da moɗa ɗaya ta fara, duk lalacewa sai ta ƙara ɗaya.

Ya buɗe baki, ya kalli yadda take dafa gwiwa, ya rufe. Saura mako biyu Sallah. Ya koma gareji ya sa aka busar da wayoyi, aka mayar da mabuɗin bonet can ƙasa inda tsohuwa ba za ta iya sunkuyawa ba. Yanzu rufi da tayoyi take wankewa. Fitila dai ba ta kama ba tukuna.

Na same shi yana goge gilashi, na ce, "Mas malamin lissafi, shekara biyu ka kasa lissafin bokiti ɗaya? Ko in je in faɗa wa Ibu?"

Ko ɗagowa bai yi ba. "Faɗa mata, ka je Wonogiri a ƙafa. Kai ma ta yi maka wankan nan ran jarrabawa, har yau wayoyin kanka ba su bushe ba."